Inna Ramlatu, Mai Tsere da Shekara Biyu

Da an idar da sallar asuba, kafin masu gasa burodin tamis su hura wuta a unguwar Mansur, Inna Ramlatu ta riga ta sa abayarta ta fito bakin titi tana jiran mota. Haske na saukowa a hankali bisa duwatsun Makka, tattabaru na shawagi can wajen Harami, ita kuwa hankalinta ya riga ta isa gidan marayun da take yi wa aiki tun da sauran ƙuruciyarta. Tana tafe tana lissafin watannin jarirai kamar mai jan carbi. A makon nan ta ajiye aiki, ya kamata a faɗi ko wace ce ita tun tana ji da kunnenta.

Aikinta shi ne nema wa yaran da ba su da kowa gida na dindindin, abin da a nan ake kira kafala. Mai ji zai ɗauka cike takardu ne kawai. Ina! Yaron da aka ɗauka ba a shayar da shi ba, ranar da ya balaga ya zama baƙo a gidan da ya tashi, matar da ta yi masa wanka sai ta rufe kanta a gabansa. Ramlatu ta ga samarin da aka mayar gidan marayu saboda haka, jaka a hannu, kuma abin bai taɓa barin ranta ba. Maganinsa nono ne: uwar riƙon ko 'yar uwarta ta shayar da yaron ya ƙoshi sau biyar kafin ya cika shekara biyu, sai ya zama muharrami.

Shi ya sa babu mai jego a Mansur da Ramlatu ba ta sani ba. Mata na tsokanarta wai ba barka ke kai ta gidan suna ba, leƙen masu ruwan nono take zuwa yi. Ba ta musu, dariya kawai take yi.

Ku tambayi Saudatu matar Dawuda. Allah bai ba su haihuwa ba, suka ga wani yaro mai suna Rakan a gidan marayun, ransu ya kwanta da shi. Sai dai saura makonni kaɗan ya cika biyu, Saudatu ba nono, ƙanwarta Asiya kuma ta riga ta sa ranar yaye 'yarta don ta sami aikin girki a Arfa lokacin Hajji. Ramlatu ta hau benen Asiya da gwiwoyinta masu ciwo, ta zauna ta sha shayi, ba ta yi wa'azi ba. Cewa kawai ta yi tana hango wani saurayi ya shigo gidan Saudatu kai tsaye, ya buɗe tukunya yana ƙorafin yunwa, ba wanda ya tashi neman mayafi. Asiya ta ce, "Halas, shi ke nan, Inna, a kawo shi." Ta ɗage yayen.

Aka kawo shi, ɗan nema ya ƙi. Yaron da ya tashi da kwalba bai san mama ba. Aka tatsa a kofi, ya kau da kai ya maƙale a wuyan Ramlatu, don hannunta kaɗai ya sani. Da ita ta ba shi da nan take ya shanye. Ba ta ba shi ba. Ta ɓamɓare yatsunsa daga wuyanta, ta ɗora shi a cinyar Saudatu, ta miƙa mata kofin, ta fita ta zauna a matakala. Asiya ta ce da kukan yaron ya lafa ta leƙa waje, ta tarar Ramlatu ita ma kukan take yi. Kafin ya cika biyu an cika biyar ɗin.

Ke ce, Inna Ramlatu, uwar da ta goyi 'ya'ya ba ta riƙe wa kanta ko ɗaya ba. Ke ce kike sauke yaro daga kafaɗarki zuciyarki na ciwo, don ya sami kafaɗar da ba mai sauke shi daga kanta.

Ranar walimar ajiye aikinta Rakan ya zo gaisuwa, dogon saurayi, gemu ya fara tsirowa. Saudatu ta tare shi a ƙofar falo ko ɗankwali babu a kanta, tana gyara masa wuyan riga tana faɗan ya makara. Ramlatu kuwa ta ja mayafi ta rufe fuskarta, don ita ba muharramarsa ba ce. Ya tsaya daga nesa ya gaishe ta da Hausarsa mai gargada. Ta bayan mayafin ta ce, "Je ka zauna kusa da ummanka, ya waladi, ɗana. Abin da na sha wahala a kansa ke nan."

Mun gode, Inna Ramlatu, Allah ya saka miki da gidan da ba a mayar da kowa daga cikinsa. Ku kuma masu shayarwa da masu fili a gida, yau ma akwai jariri a gidan marayu da watanninsa ke tafiya. Ku je tun bai cika biyu ba.