Jemar Marigayi

Idan tsufa ya zo ya kwashe mini abubuwan da ke kaina, akwai rana guda da na tabbata zai bar mini: ranar da na faɗi da baya a wata fadama ta ƙasar Ƙofa, a gaban mai unguwa da dattawan gari, rungume da tushen ciyawa. Shekaru sun ja, amma ko yanzu na kai kofin ruwa bakina sai ranar nan ta dawo mini.

Ni tela ne a Kiru. Na auri maiɗakina tana bazawara, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya mace ƙarama. Da yarinyar ta tare, kuma Allah ya sani ban taɓa jin nauyin riƙon ta ba. Mace na samu mai haƙuri, mai tsafta, marar yawan magana. Matsalata da ita ɗaya ce tak, kuma a cikin randa take.

Tun makon farko na lura ruwan gidana ya canza. Wani ƙamshi yake yi mai sanyi, irin na ƙasa idan ruwan farko ya sauka. Na shanye kofi, na nemi ƙari, har da santi. Da na tambaye ta abin da ta zuba, ta ce saiwar jema ce. Na ce a ina ake sayar da ita? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba saye na yi ba. Daga gonar baban yarinyar nan ne. Shi ya dasa ta da hannunsa."

Na ajiye kofin. Masu cewa kishi halin mata ne ba su taɓa auren matar mamaci ba. Mai rai za ka iya yi masa kallon banza a kasuwa, ka samo aibinsa ka ji sanyi. Mamaci kuwa ya gama laifi, alherinsa kaɗai ake tunawa. Ga shi ni da gidana, ni da randata, amma kullum sai na sha ƙamshin wani.

Ban hana ta ba. Da wane baki zan ce ina kishi da ciyawa? Sai na koma shan ruwan leda a shago, in na dawo gida in ce ba na jin ƙishi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda matar da ba ta magana take buɗe baki idan zancen jema ya taso. A wurinta na san duk abin da na sani, ba da son raina ba. Ta ce jema ciyawar fadama ce, inda ƙasa ba ta rabuwa da laima. Ganyenta dogo ne siriri, a tsaye yake, gefensa da kaifi, yana yanka hannun wanda bai iya kama shi ba. Da kaka takan fitar da kai ja-ja, sai a yanke ta a yi zana ko jinka. Ta ce ba ta yaɗo irin na tofa, wadda za ka bar ta a nan ka tarar da ita a gonar maƙwabci. Inda aka dasa ta nan take zama, tushen ya yi ta kauri, saiwar kuma ta yi ƙasa kai tsaye. Wutar daji ta cinye kanta, ruwa na sauka ta toho. Ambaliya ta kwana a kanta, ruwa na janyewa ta miƙe. Shi ya sa marigayi ya je bakin rafi ya farfaso tushenta, ya jera a iyakar gonarsa. Takan rufe da cewa, "Mutum ne mai hangen nesa." Ni kuwa in ce, "Allah ya jiƙansa," a fatar baki kawai.

Gonar nan ita ce gadon yarinyar. Wani tsoho ɗan uwan maiɗakina ke noma shinkafa a ciki yana aiko musu da rabonsu. Duk shekara bayan girbi sai ta roƙe ni in kai ta a babur, ta duba gona, ta haƙo 'yar saiwa daga gefen tushe. Wata shekara ina tsaye ina kallon ta tana fama da fartanya, sai na ga dama ta samu in nuna mata cewa mai rai ma namiji ne. Na ce ta kauce, yanzu zan tumɓuke mata tushe guda ta huta. Na naɗe hannun riga, na kama, na ja. Ko gezau. Na ƙara ja har jijiyar wuyana ta tashi, ganyen ya tsaga mini tafi, ƙafata ta zame na durƙusa a gabanta kamar mai neman gafara. Maiɗakina ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce saiwar ta fi tsawona, ko shanun huɗa ba sa iya cire ta. A ranar na ji kamar marigayin ne da kansa ya kai ni ƙasa.

Ana nan, wata shekara da bazara tsohon ya kwanta rashin lafiya, gona ta zauna ba mai leƙa ta. A lokacin ne wani Alhaji mai noman albasa ya sayi gonar da ke maƙwabtaka da ita. Da ruwa ya fara sauka muka je duba tsohon, muka biya ta fadama. Maiɗakina na sauka daga babur ta tsaya cak. Ga layin jema nan kore shar, a jere yadda na san shi. Amma ita ta ce gonar ta ragu, an ci wa yarinya kunyoyi masu yawa, kuma ta ɓangaren da ya fi laima, inda shinkafa ta fi yi.

Ni ban ga komai ba. Na ce ko dai idonta ne? Ta ce, "Malam, a gonar nan na yi goyon yarinyar nan. Na san ta."

Muka dawo gida ta kasa cin abinci. Ba zan ɓoye ba, a raina na ce da ma a kwashe jemar gaba ɗaya kowa ya huta. Amma idan na dubi yarinyar tana wasa a tsakar gida, ba ta san ana yankar abin da ubanta ya bar mata ba, sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Dangin marigayi na kusa duk sun yi nisa, tsohon kuma ko tashi ba ya iyawa. Ni ɗin dai ne. Haka na je na kai ƙara wurin mai unguwa, ina kare iyakar mutumin da na fi kishi da shi a duniya.

Ranar da aka sa, da hantsi muka hallara a gonar, an kwana ana ruwa. Mai unguwa ya zo da dattawa, Alhaji ya zo da babbar riga. Bayan gaishe-gaishe mai unguwa ya ce kowa a garin nan ya san iyakar marigayi jema ce, to ga jema a tsaye, ina ƙarar take? Maiɗakina na gefe cikin hijabi, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ba nan take ba. Can take." Ta nuna tsakiyar huɗar Alhaji, inda tarakta ta bi ta baje komai. Aka tambaye ta shaida, ba ta da shi. Dattawa suka fara kaɗa kai, wani ya ce mai rashi yakan ga abin da babu. Na ga hawaye ya taru a idonta, na kuma ga magana tana shirin mutuwa.

Na matsa zan sa baki, sai Alhaji ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam tela, kai kuma mene ne naka a ciki? Gonar mijinta ake magana."

Mijinta. Ina tsaye da raina, da igiyar aurena, a gaban jama'a. Ba zan iya dukan Alhaji ba, ba zan iya dukan mamaci ba. Abin da ke kusa da ni tushen jema ne, tsohon abokin gabata. Ban san lokacin da na cafke shi da hannu biyu ba. Na kafe ƙafafu, na tattara haushin shekaru, na fizga da ƙarfin da na san ba zai isa ba.

Sai ga shi ya biyo ni salin-alin kamar an cire albasa. Na yi baya na faɗi warwas cikin taɓo, hulata ta yi nata wuri.

Aka bushe da dariya, har mai unguwa sai da ya kau da kai. Ina kwance tushen na kan ƙirjina, idona ya sauka kan saiwar. 'Yar guntuwa ce, ba ta kai tafin hannu ba. Tsofaffin saiwoyin duk an datse su da ƙarfe, sai wasu farare sababbi da suka fara leƙowa. Na tashi zaune na ɗaga shi sama.

"Ranka ya daɗe," na ce, "na taɓa kokawa da ciyawar marigayi, ta kayar da ni ko motsi ba ta yi ba. Wannan kuwa ba ta daɗe da zama a nan ba."

Dariya ta ɗauke. Wani dattijo ya sa hannu ɗaya ya ja na kusa da shi, ya fito. Ya ja na gaba, shi ma ya fito. Ashe da bazara aka sassare tushen daga sama, aka matsar da layin gaba ɗaya, aka dasa, laimar fadama ta riƙe shi har ya yi kore. Alhaji ya ce wannan ba hujja ba ce, in ma an taɓa ciyawar, wa ya san inda take a da?

Na karɓi fartanya, na ce wa maiɗakina ta nuna mini wurin. Hannun da ya saba da almakashi ne, nan da nan ya yi bororo. Ramin farko ban samu komai ba. Na matsa na sake haƙawa, gumi na zuba, Alhaji na tsaki a kaina. Rami ya kusa gwiwa, ido bai ga komai ba tukuna, sai hancina ya ji. Ƙamshin randata ne ya taso daga ƙasa. Duk wurin ba wanda zai riga ni gane shi, don ba wanda ya kai ni tsanar sa. Na zura hannu na damƙo saiwoyi a cunkushe kamar soso, sun yi ƙasa abinsu ba su da niyyar ƙarewa. An cire kai, amma ba wanda ya iya cire su.

Na miƙa wa mai unguwa. Ya shinshina, ya miƙa wa na kusa da shi, saiwa ta zaga hannu zuwa hannu. Aka ƙara haƙa gaba kaɗan, a kan layi ɗaya, aka sake samu. Alhaji ya gyara riga ya ce lallai kuskuren 'yan ƙwadago ne. Mai unguwa bai ƙure shi ba, ya ce to a gyara kuskuren yau. Ni na mayar da tushen nan kan layinsu na asali ɗaya bayan ɗaya, ina dannawa da ƙafa, har la'asar.

A hanyar komawa, muna kan babur, ina jiran yabo. Jikina duk taɓo, hannuna na zogi. Mun yi nisa sai na ji ta yi ajiyar zuciya a bayana ta ce, "Allah ya jiƙansa, ya san abin da ya dasa." Ni kuwa daga nan har Kiru ban kauce wa rami ko ɗaya ba.

Washegari na dawo daga shago ta kawo mini ruwa. Na kurɓa, na ji shi salam, ba ƙamshi ba komai. Na dube ta. Ta ce, "Na cire. Na daɗe da sanin ba ka so, ina ganin ledojin ruwa a aljihunka idan zan yi wanki. Abin da ka yi wa marainiya jiya ya fi ƙarfin godiyata, ba ni da abin da zan ba ka sai wannan."

Abin da na yi shekara da shekaru ina fata ke nan, ya zo har hannuna, kuma ban ji daɗinsa ba. Na ga abin da ta cire daga randar ya fi saiwa. Na sake kurɓa, ruwan ya ƙi shiga. Na ce ta mayar. Ta kalle ni, sannan ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan reshen jema da ta naɗo a tsumma mai laima. Ta ce, "To ga wannan. Ka dasa naka."

A bakin rijiyar gidanmu na dasa shi, inda ruwan guga ke zuba. Yau yarinyar ta girma, tana ɗakin mijinta, gonarta na hannunta ba a rage ko taki ba. Tushen bakin rijiya kuwa ya yi kaurin da jikokina ke rataya a jikinsa ba ya motsi. Saiwa biyu ake sa wa a randarmu yanzu, ta Ƙofa da ta Kiru. Har gobe ina cewa tawa ta fi ƙamshi, ita kuma ta yi murmushi ta ƙi tanka mini, abin da ke ƙara ba ni haushi.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, wanda ya riga ka shiga zuciyar mutum ba a tumɓuke shi, ko ka ja har ka faɗi. Kuma macen da ta riƙe amanar wanda ke cikin ƙasa ba za ta saki taka ba. Naka kawai ka samu wuri mai laima kusa da nasa, ka dasa, ka yi ta ba shi ruwa.