Ranar da Laftof Ɗina ta Ƙame a Gaban Manoman Rani

Ina jin ko tsufa ya cinye ni, ba zan manta ranar da laftof ɗina ta ƙame a gaban manoman ƙauyenmu na Bunkure ba.

Na gama karatun kwamfuta ke nan, sai Kawu, shugaban ƙungiyar manoman rani, ya ce in haɗa musu manhajar waya mai nuna ranar da ruwan kanal zai zo wa kowa, ko rigimar rabon ruwa ta ragu. In ta gamsar da su, aikin ya zama nawa. Saura in sayi laftof.

Mako uku na yi ina juyayin RAM, wato inda kwamfuta ke baza aikin da take kai: giga takwas ko sha shida? Da Kawu ya gaji da ni, ya ce in yi masa bayani da Hausa.

Na ce, "Kamar tampol ɗin shanyar shinkafa ne, Kawu. Rumbun ajiyar kwamfuta daban, tampol daban."

"To, buhu nawa kake bazawa lokaci guda?"

"Ya danganta."

"Kai komai naka ya danganta!"

A Kano mai shagon ya ce, "Takwas ta ishe ka, Injiniya." Na ji tsoron kada sha shida ta zama almubazzaranci, na ɗauki takwas. Tambayar Kawu kuwa ban taɓa amsa ta ba.

Bayan wata biyu aka taru ƙarƙashin mangwaro da la'asar. Da a wayata nake gwaji, amma ranar, don kowa ya gani, na kunna wayar gwaji ta cikin kwamfutar, mai kwaikwayon waya a kan allo, ga manhajar rubuta aikin, ga shafukan intanet sun fi arba'in. Ban taɓa rufe ko ɗaya ba, kada wata rana in neme shi.

Na danna. Fankar laftof ɗin ta ɗauki gurnani, komai ya tsaya cak.

Wani dattijo ya kasa kunne ya ce, "Injin ban-ruwa ne a ciki?"

"Ai ruwan ma ya fi ta saurin zuwa," in ji maƙwabcinsa. Mutanen nan biyu sun shekara ba sa gaisawa saboda ruwa, sai ga su suna tafawa a kaina. Na fara cewa wataƙila zafi ne, ko kuma mai yiwuwa ƙura.

Kawu ya leƙo, ya nuna saman allon. "Waɗannan da ka jera fa?"

"Shafuka ne, ƙila in buƙace su."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

"Shanyar wata biyu tana kan tampol? Kwashe, ɗan nan!"

Na kashe ta na kunna. Da ta tambaye ni ko a dawo da shafukan, na runtse ido na ce a'a. Manhajar ta buɗe, ta nuna wa dattijon nan Laraba, maƙwabcinsa Alhamis. Aikin ya zama nawa. Daga baya na ƙara giga takwas, don an yi sa'a akwai gurbin ƙari, abin da ban ma tambaya ba a shago.

Tun daga ranar, duk mai koyon haɗa manhaja da ya tambaye ni RAM nawa zai saya, sai in ce ya fara ƙirga abin da yake bazawa lokaci guda, ya tambayi gurbin ƙari, abin da ya bushe kuma ya kwashe. In ya matsa, sai in ce sha shida. Amma fa ya danganta.