Kaburbura Goma Sha Biyu a Kan Katako

Shekarar da iska ta yaye rufin ajinmu na yaƙi da jahilci a Aujara, muka koma gindin darbejiya, a shekarar ce Malam ya zo mana da wasa. Faffaɗan katako ne aka zana gari a kai: kasuwa, masallaci, rijiya, makabarta, kowanne da sunansa a rubuce. Ka jefa ƙwayar ludo, inda ka sauka ka karanta. Wanda ya iya sunayen, shi zai karɓi takardar shaida, ni kuwa ita na zo nema ina da shekara arba'in da bakwai.

Da yake ni magini ne, Malam ya ce in yi wa allon gine-gine da yumɓu. Makabarta na fi ba lokaci. Kaburbura goma sha biyu, kowanne kamar ɗan yatsa. Na shafa musu fenti ruwan jar ƙasa da gashin kaza, na kafa ɓarɓashin tsingaro a kai da ƙafa.

Ranar da na kawo, babban ajinmu, wani dattijo ƙanen liman, ya duba ya ce, "Ma sha Allah. To Malam, daga yau ba a juya allon nan."

Malam ya ce, "Baba, ai dole a juya wa kowa ya ga rubutu."

"Ka juya mamata su ba alƙibla baya? Kai za ka amsa tambayar?"

"Baba, yumɓu ne fa."

"Mu duka yumɓu ne."

Aka kafe allon, kaburbura na kallon gabas. Dattawa suka zauna ta yamma, wajen inuwa, rubutu na kallonsu. Ni na samu gabas. Ban yi ƙorafi ba, don ban san harafi yana da sama da ƙasa ba. Wata biyar ina koyo daga can, kuma na iya sosai. Ko na sauka a makabarta, sai in yi sallama kamar kowa, in karanta.

Da aka zo jarrabawa, wata malama daga Dutse ta miƙo mini takarda. Na duba, ban ga harafi ɗan garinmu ko ɗaya a ciki ba. Na juya ta, sai ga su nan duka. Na karanta tiryan-tiryan.

Ta dube ni ta ce, "Malam, wasa kake yi da ni?"

"A'a, Hajiya. Daga gabas na koya."

Ta ce in rubuta sunana. Na rubuta da kyau, ƙafafunsa a sama. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in dawo baɗi.

Abin da na rasa: takardar shaida ɗaya, wata biyar, da haruffa huɗu, n da u, m da w, waɗanda har yau sai na tsaya na tambaye su wane ne wane.