Ampli Ya Dawo Ba Nauyi

A gefen kasuwar Petit Marché, gaban teburin mai gyaran rediyo, wani dattijo na tsaye, hula a karkace, jijiyoyin wuya a miƙe. A tafin hannunsa yana auna tsohon ampli, ɗan akwatin da ke ƙara wa abin saurare na kunne ƙarfi. Da gani tsohon shofer ne, direban da rurin inji ya cinye wa kunne. Wataƙila da akwatin nan kaɗai yake jin labarun duniya.

"Transfo mai ƙarfi na ce ka sa mini, tunda kuran ɗin lantarkinmu rawa yake yi. Ka miƙo mini abu kamar busasshiyar ƙwarya!"

"Baba, na zamani ne, shi ya sa ba nauyi."

Dattijon ya zaro turnabis daga aljihu, ya kwance murfin da kansa. Cajar waya ce liƙe a ciki, tsohon transfo mai jan ƙarfe ya yi ƙafa.

Ya jawo benci ya zauna, ya tare bakin teburin kaf.

"Yi ta magana, ɗana, ba ji nake ba. Jan ƙarfena nake jira."