Jan Ulun Ikit Petua

Perpetua Dawey, wadda kowa a ƙauyen ke kira Ikit Petua, wato Goggo Petua, ta koyi saƙa a makarantar mishan ta Sagada a shekarar 1953, tana da shekara goma sha ɗaya. A wancan zamanin ba a samun ulu a kan duwatsun nan. Dilar tsofaffin kaya ake aiko wa coci, sai Sista ta raba wa 'yan mata suwaita ɗaya ɗaya, ta ce su warware. Zaren a murɗe yake fitowa, don haka akan naɗa shi a bayan kujera, a kara shi bakin tukunya mai tafasa har tururi ya miƙar da shi. Waɗanda suka zauna a ajin maza har yau suna tuna warin jiƙaƙƙen ulu yana shigowa ta taga lokacin darasin lissafi.

Petua ja ta samu, ta wani ƙaton mutum da ba a san ko wane ne ba. Dunƙule tara ta fitar daga cikinta.

Tun daga ranar hannunta bai ƙara zama ba. Tana korar tsuntsaye a gonar shinkafa tana saƙa, tana jiran dankali ya dahu tana saƙa. Ba sana'a ta ɗauki abin ba, daɗinsa kawai take ji. Rabin kawunan ƙauyen sun sa hularta. Amma jan ulun ɓoye shi ta yi a gwangwanin biskit har shekara tara, sai da ta auri Bangyad ta saƙa masa suwaita da shi.

"Ja?" in ji Bangyad. "So kike a riƙa hango ni tun daga garin Bontoc, kamar zakara a kan rufi?"

"Haka nake so, Lakay, maigidana. In ka tsaya shan giya a hanya, daga ƙofar nan zan gan ka."

Ya yi dariya ya sa. Shi ya fere mata tsinkayen gora da ta ci gaba da saƙa da su. Shekara ashirin da biyu suwaitar ta yi a jikinsa, har tari ya ɗauke shi a 1984.

Petua ta warware ta, ta yanke inda gwiwar hannu ta cinye, ta kara sauran a tururi. Dunƙule shida suka rage. Ta saƙa wa ɗanta Crispin falmaran, don zai tafi aikin haƙar zinariya kuma an ce akwai sanyi a masaukin ma'aikata. A 1991 rami ya rufta da shi. Falmaran ɗin a jikin ƙusa aka same ta, a ɗakin da yake kwana, aka haɗo ta da akwatin gawa. Ya bar 'ya mai shekara biyu, Jovita, kuma Petua ce ta raine ta. Wannan karon dunƙule uku suka koma gwangwani.

Jovita ta girma, ta zama nas a birnin Baguio. A 2019 ta haifi mace, aka sa ranar baftisma a cocin ƙauye. Petua ta buɗe gwangwani. Lokacin amosanin gaɓɓai ya karkata mata yatsu, zaren kuma ya ruɓe, in ta ɗan ja sai ya tsinke. Ta riƙa ƙullawa tana tura ƙullin ta ciki don kada ya sosa kan jaririya. Hular da a da takan gama kafin shinkafa ta tsotse, sai da ta ci mata mako bakwai. Abu ɗaya take so kafin hannun ya ƙi gaba ɗaya: ta ga jan ulun nan a kan jinin Crispin.

Da safen baftisma ta miƙa wa Jovita hular. Jovita ta juya ta, ta ga ƙulle-ƙullen.

"Alapo, wane zare ne wannan?" ta tambaya. Haka jikoki ke kiran kaka a can.

"Kin san shi."

"Na gwangwani?"

"Kakanki ya sa, babanki ya sa. Saura ita."

"Su biyun yanzu suna ina, Alapo?"

"To zare ne ya kashe su? Ke da kika yi karatun asibiti. Ashe asarar fitila aka yi."

"A asibitin ma ba ma sa wa jariri kayan mamaci. Ki yi haƙuri. Kallonta kawai nake gabana yana faɗuwa." Ta ciro leda daga jaka. "Ga sabon zare na kawo miki, ruwan ɗorawa, taɓa ki ji laushi. Ki yi mata da shi."

Petua ta taɓa. Santsi gare shi, yatsunta suka kasa riƙe shi. Ta ce an gode. Aka yi wa yarinya baftisma da farar hular kanti.

Da motar Baguio ta tashi, Petua ta zauna a ƙofa, ta nemo bakin zaren, ta warware hular tas. Ta ɗora tukunya, ta kara shi a tururi, washegari ta soma wata. In ta gama sai ta sake warwarewa. Kowane karo wani yanki yakan ruɓe ta yar.

"Ikit, wannan hular ta wa ce da ba ta ƙarewa?" maƙwabciya takan tambaya.

"Ba ta kowa ba ce. Hannuna ne ke so."

Ta rasu a watan Janairun 2022. A gwangwanin aka sami hular, rabi a kan tsinkayen gora, ta ƙanƙance har ba za ta rufe bakin kofi ba. Zaren ruwan ɗorawa yana gefe cikin ledarsa. Jovita ta tafi da gwangwanin Baguio, ta ɗora shi a saman kabad, inda hannun yarinyar ba ya kaiwa.