Fuskar Consiglia a Jikin Leda

Ni da Consiglia layi ɗaya muka taso a garin Eboli na ƙasar Italiya, rana ɗaya aka ɗauke mu aikin wanke ganye a kamfanin da ke bayan gonaki. Ita Allah ya ba ta farin jini. Ko atishawa ta yi sai an ce ta iya.

Shekarar da kamfanin ya so sa hoton tsohuwa a jikin ledar salak, ita aka zaɓa saboda dariyarta. Amma mai hoton ya ce hannuwanta sun yi laushi, ga jan farce. Aka kira ni na laɓe a bayanta, na zuro nawa ta ƙarƙashin hammatarta na riƙe ganyen. Ledar ta je har Jamus. A kasuwa ana ce wa Consiglia Kakar Salak, mahauci na yi mata gyara. Ni kuwa sai dai, "Filomena, ɗan matsa mu gaisa da ita."

"Kar ki damu, 'yar uwa," in ji ta, "ai hannun ma an yaba. An ce kamar na namiji."

Na ɗauki kwandona na yi gaba. Mijina marigayi Sabato kan ce shiruna ya fi zagi.

Bara aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙazantar garken ɓauna ta malalo cikin ruwan da ake ba gonaki. Yara suka kwanta asibiti a arewacin ƙasar. Aka ce akwai ƙwayar cuta a ganyen, duk wanda ya sayi leda ya mayar. Talabijin ya wuni yana nuna ledar, Consiglia na dariya a jikinta, ana faɗin marasa lafiya. Ita da ta bar aikin tuntuni. Mahauci ya daina ganinta. A coci aka bar mata benci ita kaɗai.

Ranar idin Waliyyi Vito kowace mace kan kawo girkinta harabar coci. Consiglia ta kawo salak na lambun bayan gidanta, ta tsaya kusa da shi da sabon ɗankwali. Mutane suka riƙa kewaye teburin. Addolorata mai burodi ta ce, "Wannan kafin a ci ake kiran likita ko bayan?"

Na dubi Consiglia. In ta koma da kwanon nan cike, na san ba za ta ƙara fitowa cikin mutane ba.

Na sa carbina a aljihu, na ɗiba, na ci. Gishiri ya yi yawa, kamar kullum.

Fada Gerardo, limamin cocin, ya ɗiba, sai kowa ya taso. Kafin a buga ƙararrawa kwanon ya yi fes, ana rungumar ta ana cewa ta yi haƙuri irin na waliyyai. Addolorata har da hawaye.

Gauta da cukun da na tashi tun asuba na gasa, babu wanda ya taɓa. Consiglia ta leƙo tana share ido.

"Filomena, juye mini a leda in kai wa jikokina. Su ba sa zaɓen abinci."

Na juye mata.