Jar Motar da Ta Durƙusar da Kawu Sale

"Duba min takardun nan, 'yar boko," in ji Kawu Sale a wurin dillalin motoci a Kano, ina aji uku a sakandare. Tsohuwar motar tsere ce, kujera biyu, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. Ya saya.

Ran Juma'a na raka shi Kademi gaida mahaifin budurwarsa, wanda ya rantse ba zai ba ɗan gayu 'yarsa ba. Wajen fita daga motar babbar riga ta harɗe Kawu, ya fito da rarrafe har gaban tsohon.

"Tashi haka, ɗana! Ashe sharri ake maka. Turo magabatanka," in ji tsohon, a zatonsa durƙuson ladabi ne.

Ni kaɗai na ga abin da ya faru, kuma ban taɓa faɗa ba sai yau. Ku da kun tona?